Fosta Ba Ta Koyar Da Yarinya: A Ba Mu Malamai Mata a Ƙauyukanmu



Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na ƙananan hukumomi da na mazaɓu, daga Funtua, Bakori, Danja, Dandume, Sabuwa, Faskari, Kankara, Malumfashi, Kafur, Musawa har Matazu.

Saƙon nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Don Allah kar a ce "a yi mana shi a murya", a samu wuri a zauna a karanta. Wadda ba ta iya karatu ba, 'yarta ta karanta mata. In kuma 'yar ta kai aji shida amma ta kasa karanta mata, to kun ga dalilin rubuta shi ke nan.

Kwanakin baya na halarci wani taron da aka kira na "zaburar da 'ya'ya mata". An kwaso ɗalibai daga makarantu, an jera su a rana tun ƙarfe tara na safe. Babbar baƙuwa ba ta iso ba sai bayan azahar, da jerin motoci da jiniya. Ta yi jawabi na minti ashirin, rabi da Turanci, ta ce wa yaran su ma za su iya zama kamarta. Aka tafa, muka rangaɗa guɗa, aka raba littattafan rubutu masu hoton ɗan takara, aka ɗauki hotuna aka watse. A hanyar komawa na tambayi wata yarinya 'yar kamar shekara goma sha biyu: "Ke me kike so ki zama?" Ta yi murmushi ta ce, "Mama, ai irin waɗancan 'ya'yan manya ne." Na ce to a makarantarku akwai malama mace? Ta ce babu, tunda ta shiga ba ta taɓa gani ba.

Wallahi maganar yarinyar nan ta hana ni barci. Mun kashe kuɗin da zai biya wa 'yan mata da yawa kuɗin makarantar koyon malanta, abin da yarinya ta kwaso daga wurin shi ne: wannan ba layinmu ba ne.

Kar ku ɗauka ra'ayina ne kawai. Masana sun daɗe da bincika wannan abu. Tun 1961 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Albert Bandura, a jami'ar Stanford ta Amurka, ya nuna cewa yaro yana kwaikwayon abin da ya ga babba yana yi ko da ba wanda ya ce masa ya yi. Mu ai mun riga shi sani, gani ya kori ji. Wace uwa ce ta zaunar da 'yarta ta yi mata laccar tuƙin tuwo? Tsayuwa take a gefenki tana kallon hannunki.

Amma ga inda gizo ke saƙar. A 1997 wasu masu bincike biyu mata a Kanada, Penelope Lockwood da Ziva Kunda, sun gwada abin da ke faruwa in aka nuna wa ɗalibai wani wanda ya yi fice ƙwarai. Suka gano cewa in ɗalibi yana ganin zai iya kaiwa inda wancan ya kai, labarin yana ƙara masa ƙaimi. In kuwa yana ganin abin ya fi ƙarfinsa, sai labarin ya kashe masa gwiwa. Kun ga abin da ya faru da yarinyar nan ke nan. Mun je zaburar da ita, mun dawo mun sanyaya mata jiki.

Haka wani binciken da aka buga a 2020, na Catherine Porter da Danila Serra, a wata jami'a a Amurka. An gayyato mata biyu da suka yi karatu a wannan jami'ar suka shiga aji suka ba da labarin yadda suka bi har suka samu aiki. Yawan ɗalibai mata da suka zaɓi wannan fanni ya kusa ninkawa. Ziyara ce gajeriya, amma masu ziyarar sun zauna a kan irin kujerar da yaran ke zaune. Don haka ban ce kawo baƙuwa laifi ba ne. Na ce a kawo wadda yarinya za ta kalla ta ce, "Ai wannan 'yar gidan wane ce, tare da yayata suka yi talla."

Yanzu ga wanda ya fi shafarmu mu 'yan siyasa, ku buɗe kunne da kyau.

A 1993 ƙasar Indiya ta yi doka cewa kashi ɗaya cikin uku na kujerun shugabancin majalisun ƙauyuka na mata ne. Ba a bar wa 'yan siyasa su zaɓi ƙauyukan da suka ga dama ba, tsari aka bi mai kama da ƙuri'ar sa'a. Bayan shekaru, wasu masana huɗu, cikinsu har da Esther Duflo wadda ta samu kyautar Nobel a 2019, suka shiga ƙauyuka 495 a jihar Bengal ta Yamma, suka tattauna da yara 'yan shekara 11 zuwa 15 da iyayensu. Sakamakon ya fito a 2012. A ƙauyukan da mace ta yi shugabanci zango biyu, tazarar da ke tsakanin burin yara maza da na mata ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Iyaye ma sun ɗaga burinsu a kan 'ya'yansu mata. Tazarar karatu tsakanin maza da mata ta gushe. Kuma lokacin da 'yan mata ke ɓatawa a aikin gida ya ragu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, masu binciken sun duba ko sabbin ayyukan yi ne suka samu ga mata a waɗannan ƙauyuka, suka ga ba abin da ya canja ta wannan ɓangaren. Ba masana'anta aka buɗe ba. Abin da ya canja kawai shi ne yarinya ta ga mace 'yar garinsu tana zaune a kan kujera ana kawo mata ƙorafi tana yanke hukunci, uban yarinyar ma ya gani.

A wata jihar ta Indiya kuma, Andhra Pradesh, an bi makarantun firamare na gwamnati a karkara tsawon shekara biyar. Binciken da ya fito a 2016 ya nuna 'yan mata sun fi koyo a hannun malama mace, kuma yara maza ba su yi asarar komai ba don mace ce ke koyar da su.

To mu dawo gida. Majalisar dokokin jihar Katsina kujera 34 ce, zaɓen 2023 bai kai mace ko ɗaya ba. Majalisar dattawa kujera 109, mata huɗu ne kacal a wannan zangon. Mu ne muke cika layi a rumfar zaɓe tun da asuba da goyo a baya. Mu ne anko, mu ne guɗa, mu ne shiga gida-gida inda namiji ba ya shiga. In an ci zaɓe sai a ba mu atamfa da taliya a ce Allah ya saka. Yarinyar da ta tashi tana ganin iyakar uwarta a siyasa ita ce guɗa, kuma iyakar mace a makarantarsu ita ce mai sayar da awara a bakin ƙofa, me kuke so ta yi mafarkin zama?

Na san abin da za a ce mana, don an sha faɗa mini.

Na farko za a ce, "Ai addini da al'ada." Haba jama'a, a ji tsoron Allah. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru. Me ta yi? Ba ta ce duk matan karkara su taso su zo su kalle ta ba. Ta zaɓo mata dattijai masu mutunci daga garuruwansu, ta koyar da su, ta naɗa su jajis, ta ɗora musu malfa, suka koma suna karantar da matan ƙauyukansu da harshen da suke ji. Abin da Turawa suka gano da ƙididdiga a 2012, uwarmu ta aikata shi shekara fiye da ɗari da hamsin kafin nan. Wanda ya ce mace malama baƙon abu ce a ƙasar Hausa, shi ne baƙo a tarihinsa.

Kuma mu tambayi masu wannan magana: in matarka za ta haihu, wa kake so ya duba ta? Kowa zai ce mace. To ga makarantar ungozoma nan a Malumfashi. Wa zai cika ta? Yarinyar da aka cire daga aji huɗu aka ɗora mata farantin talla? Ba a son namiji ya duba mace, kuma ba a son mace ta yi karatun da za ta duba 'yar'uwarta. Wannan lissafi ba ya fita.

Na biyu za a ce, "Matsalar tsaro, mace ba za ta je ƙauye ba." Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ba mai koya mana ita. Ba mu manta daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai daga makarantar kimiyya ta Kankara, aka sako 344 bayan kwana shida. Ba mu manta 'yan Islamiyyar Mahuta a Dandume ba, kwanaki kaɗan bayan nan. Mun san makarantun da aka rufe a yankin Faskari da Sabuwa. Ba wanda zai ce a ɗauko 'yar mutane daga cikin garin Funtua a jefa ta bakin daji ba masauki ba kariya. Amma wannan hujja ce a kanmu, ba a gare mu ba. In baƙuwa ba za ta je ba, to 'yar garin fa? Ita ai can take kwana, can iyayenta suke, can za ta yi aure. Ita ya kamata a horar.

Kuma an taɓa yi. A 2008, ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da gwamnatin Birtaniya, an fara ba 'yan matan karkara tallafin karatun NCE a jihohin Katsina, Bauchi, Neja da Sakkwato, da sharaɗin in sun gama su koma makarantar karkara su koyar na shekara biyu. Dabara ce mai kyau. Inda ta yi tuntuɓe an sani: kuɗin tallafi ba ya zuwa a kan lokaci, wasu yaran sun iso kwaleji da raunin Turanci ba a ba su taimakon da ya kamata ba, wasu kuma sun gama sun koma gida suna jiran takardar ɗaukar aiki. Wanne ne a cikin waɗannan laifin yarinyar? Duk aikin hukuma ne, wato aikin 'yan siyasar da mu muke ɗorawa. Kwalejin Isa Kaita tana nan a Dutsin-Ma, ta tarayya tana nan a Katsina. Ba gini ake nema ba, niyya ake nema.

Na uku za a ce, "Babu kuɗi." A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin AGILE na karatun 'yan mata matasa, kuma Katsina tana cikin jihohi bakwai na farko. An gyara ajujuwa, an yi banɗakuna, mun gani mun yaba. A 2023 jihar ta ɗauki malamai sama da 7,000. Madalla. Tambayarmu: nawa ne mata a ciki, kuma ina aka tura su? Ku shiga wasu makarantun cikin gari ku ga malamai mata sun yi yawa har ana rabon darasi, ku yi tafiyar rabin awa a kan babur ku tarar da makarantar da ba mace ko ɗaya. Aji mai sabon fenti ba ya hana uba cire 'yarsa in ta fara girma. Abin da ke kwantar masa da hankali shi ne ya san akwai mace babba a wurin, wadda yarinya za ta iya gaya wa abin da ba za ta iya gaya wa namiji ba. Mu mata mun san ranar da yarinya ke fara ganin al'ada, mun san kunyar da ke sa ta zauna a gida kwana biyar, daga nan ta zarce.

Yanzu bari in juyo kanmu, don in mun nuna wani da yatsa ɗaya, sauran mu suke nunawa.

Mu ne muke zuwa wurin ciyaman ko sakataren ilimi mu ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a dawo da 'yata cikin gari." Mu ne in an ba mu gurbin aikin koyarwa a matsayin kasonmu na siyasa, sai mu ba 'yar ƙanwarmu ko da ba za ta iya rubuta wasiƙa ba. Ku ji ni da kyau, iyayena: malamar da ba ta iya ba, ta fi rashin malama illa. Yarinya za ta kalle ta ta koyi cewa aiki da hanya ake samu, ba da karatu ba. Uban da ke shakka kuma mun ba shi hujja, zai ce, "Ga wadda ta yi bokon nan, me ta iya?" Malamar da sai ƙarfe goma take isowa, ta shimfiɗa hajarta ta sayar da turare da atamfa a ofis, ita ma abin koyi ce, sai dai na ɓarna.

Mu ne kuma in kaka ta yi muke kwashe yaran daga aji, wannan ta tafi roron wake, wannan tsinkar barkono da tumatir a fadamun Danja, wannan ɓarar masara, ranar kasuwar Bakori ko Sheme ko Dayi kuma aji ya zama kango. Na san talauci ne, na san da kuɗin tallan ake tara kayan ɗaki. Ban zo zagin kowa ba, ni ma na ɗauki faranti. Amma a ƙasar da ke ciyar da rabin jiha da masara da waken suya, ƙasar da audugarta ta sa aka kafa masaƙa a Funtua, bai kamata a ce 'yar manomi ba ta iya karanta awon maganin feshi da ke jikin kwalba ba.

Kuma zama mace kaɗai bai isa ba, sai da hanyar koyarwa mai kyau. Nan ma akwai abin da aka gwada. Shirin RANA da aka fara a Katsina da Zamfara a 2015 ya koyar da yaran aji ɗaya zuwa uku karatu da Hausa, da littattafan da aka rubuta don su, don yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da yake mafarki da shi. A Kano kuma, a Wudil da Dawakin Tofa, an gwada wata hanya da ta samo asali daga ƙungiyar Pratham ta Indiya: a auna kowane yaro, a raba su gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon ajinsu ba. Mai harafi da masu harafi, mai kalma da masu kalma, har kowa ya kai ga karanta labari. Ba sabon abu ba ne a wurinmu, haka malamin allo yake yi, kowa da inda wankinsa ya tsaya. Malama 'yar gari, mai wannan horo, mai jin yaren yaran da halinsu, ita muke nema.

Ban raina malamai maza ba. Da yawanmu su suka koyar da mu, wasu suna taka kilomitoci a ƙasa cikin haɗari don albashin da bai kai ya kawo ba. Allah ya saka musu. Cewa muke a sa musu 'yan'uwansu mata a gefe.

Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ba ta yi zurfi a boko ba, amma ta sha ɗauri da duka don macen Arewa ta samu 'yancin jefa ƙuri'a, abin da bai tabbata ba sai 1976. Ba don mu riƙa musayar ƙuri'ar da sabulu ta sha wannan wuya ba. Ƙuri'ar nan jari ce, mu saya wa 'ya'yanmu abin da zai daɗe.

Saboda haka ga aikin da muke roƙon kowace shugabar mata ta mazaɓa ta yi kafin taronmu na gaba:

1. Ki zaga makarantun firamare da ƙananan sakandare na mazaɓarki da ƙafarki. Ki gaida hedimasta cikin ladabi, ki rubuta malamai nawa ne, mata nawa ne. Makarantar da ba mace ko ɗaya, ki ja mata layi.

2. Ki rubuto mana yawan 'yan mata da matan aure na mazaɓarki masu NCE da ke zaune a gida ba aiki, da waɗanda suka gama sakandare suke son karatun malanta. Sunayensu ki riƙe a littafinki, kar ki watsa a guruf.

3. Kowace makaranta tana da kwamitin SBMC, kuma akwai gurbin mata a ciki. Ki bincika wa ke kai. In suna ne kawai a takarda, a sa wadda za ta riƙa zuwa tana magana.

4. Ki nemo mace ɗaya 'yar garin da ta yi karatu, ungozoma ce, malamar asibiti ce, malamar gona ce ko malamar Islamiyya mai shaida, ku roƙe ta ta shiga ajin 'yan mata sau ɗaya a zango ta faɗa musu yadda ta bi. Ba jiniya, ba fosta, ba ko sisi.

5. Duk ɗan takarar da ya zo neman matanmu, na kansila ne ko na majalisa, kafin a rangaɗa masa guɗa a tambaye shi a gaban jama'a: malamai mata nawa za ka tsaya a ɗauka daga ƙauyukanmu? 'Yan mata nawa za ka ɗauki nauyin karatunsu na NCE? Kujera nawa za a bar wa mata a kansiloli da masu ba da shawara? A ɗauki amsarsa a waya a ajiye.

6. Mu kuma mu yi wa juna alkawari: ba za mu ƙara kai sunan wadda ba ta cancanta ba aikin koyarwa, kuma ba za mu ƙara roƙon a ɗauke malama daga ƙauyen da ita kaɗai ce mace ba.

Wasu za su ce wannan tawaye ne ga jam'iyya. A'a. Mai ƙaunarka shi ke gaya maka gaskiya tun kafin abokin hamayya ya faɗe ta a kan dandamali. Jihar nan mazaɓu 361 gare ta. Jam'iyyar da ta fara sa malama 'yar gari a kowace makarantar ƙauye, ba sai ta raba taliya ba, iyaye mata da kansu za su yi mata kamfen a gidan suna da gidan biki.

Ita kuwa yarinyar da na ba ku labari, na koma garinsu. Na samu wata matar aure a unguwarsu mai NCE, shekara huɗu tana zaune tana saƙar hula. Gidanta da makarantar ko minti biyar babu. Takardunta suna cikin jakata yanzu haka, kuma ba zan daina zirga-zirga ba sai na ga ta riƙe alli. Kowaccenku akwai irinta a mazaɓarta. Ku nemo ta.

Allah ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, ya dawo da waɗanda ke hannun miyagu gida lafiya, ya sa albarka a amfanin gonarmu, ya shirya mana zuri'a.

A tura wa sauran guruf-guruf na mazaɓu. Wadda ta kammala ƙidayarta ta miƙa wa shugabar mata ta ƙaramar hukumarta.

Taku a kullum,
daga ofishin mata na shiyyar Funtua.